Ban Haƙurin Da Na Kai Doha

Ku matso kusa, ku gyara zama, yau zan ba ku labarin nan gaba ɗayansa in huta. Tun da na dawo daga Doha ban samu sakat ba. Mai shigowa aron turmi sai ta tambaya, mai kawo barka da sauka sai ta tambaya, har a gidan suna an tare ni a bakin randa ana cewa, "Asabe, yaya ƙasar Larabawa?" Ni kuma in ce lafiya lau, in ba da labarin jirgi, a yi dariya a watse. To wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin ya tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na lalubo ragowar littafina na ajin yaƙi da jahilci na ce bari in rubuta. Inda baƙi ya karkace ku gyara da kanku.

Kun san ni, ko Kano ba na son zuwa. In an ce mini kasuwar birni sai in ba da saƙo in zauna abina a Ɗanbatta. Abu biyu ne suka fitar da ni. Na farko, yarinyar nan tawa ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta haihu a can. Mijinta injiniya ne a wajen masu haƙar gas, shi ya nema mini biza in je in yi mata wankan jego. Na biyu kuwa Sa'idu ne, autanmu, wanda na goya a bayana. Shekara uku yana can yana gadi. Sai muka ji muryarsa ta canza a waya, daga baya magana ta fito: ya samu matsala da kamfaninsu, an riƙe fasfonsa, an hana shi fita daga ƙasar.

Iya, mahaifiyarmu, idanunta sun tafi, amma kunnenta yana nan ras, ba a iya ɓoye mata komai. Ranar tafiya da safe ta kira ni ɗakinta, ta lalubo wata kwalbar zuma a bayan gado ta danƙa mini, ta riƙe hannuna da ita.

"Ki nemi ubangidan nasa ki durƙusa, ki ce ni na aiko ki," in ji ta. "Ko mene ne yaron nan ya yi, a yi haƙuri a sako mini shi. Ina so in shafa kansa tun ina da hannun shafawa."

Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

A filin jirgin Kano aka fara yi mini. Aka ɗora kayana a sikeli aka ce sun yi nauyi, na durƙusa a gaban jama'a ina kwance ƙulli. Gero ya koma gida tare da Malam, maigidana, yana ta faɗan wa ya ce in kwashi rumbu. Kanwa da yaji da kuka da daddawa kuwa na ce ko ni ko su. A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wata Babarbariya 'yar kasuwa mai zuwa Dubai. Ita ta ɗaure mini bel ɗin kujera, ta ce ta ɗaure akuyoyi da yawa amma ba ta taɓa ganin mai rawar jiki irina ba. Da aka kawo abinci na ƙi taɓa naman don ban san wanda ya yanka ba. Ta ce ita ta san shi, mutumin kirki ne, ta haɗa da nawa ta cinye.

A Alƙahira muka sauka canjin jirgi. Akwai wata matakala a can mai tafiya da kanta. Na tsaya a gindinta mutane sun taru a bayana, Babarbariya ta fizgo hannuna, na haura da ƙafa ɗaya ba takalmi. Muna isa sama sai ga takalmin ya biyo mu shi kaɗai, cikin natsuwa, ya fi ni iya hawa. Da za mu rabu ta rubuta mini lambar ƙofar jirgina a tafin hannu da biro. Na je na yi alwala na wanke ta tas. Wata mai shara ce ta duba tikitina ta kai ni har bakin ƙofar, ba ta ji nawa ban ji nata ba, muka rabu ina sa mata albarka.

A Doha 'yan kwastan suka ci karo da kanwa. Wani ya ɗaga ta sama, ya kira wani, wani ya kira wani. Na yi musu Hausa, na yi musu ɗan Larabcin Islamiyya, shiru. Sai na rungume hannuwana kamar mai jijjiga jariri, na kwatanta dama kunu da sha. Wata ma'aikaciya a cikinsu ta fashe da dariya, ta ɗan lasa, ta yamutse fuska, ta ce khalas, wato an gama. Daddawa kuwa suna buɗe ledar suka mayar suka ɗaure da sauri. Zumar Iya ko kallonta ba su yi ba. Da ma ita suka ƙwace.

Gidan yarinyar a wata unguwa yake da ake kira Abu Hamur, a bene na uku. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ki shanya zane rana ta gan shi. Ƙofa tana kallon ƙofa amma ba mai sallama da wani. Rana ta biyu na dama kunun kanwa na zuba a kwano na buga wa maƙwabciya, wata Ba'indiya. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a jiki, ta leƙo da ido ɗaya, ta ɗauka talla na kawo. Bayan kwana uku sai ga kwanon ya dawo cike da wata shinkafa mai yaji, ashe dai mutane ne, tsoro ne ya yi musu yawa.

Zafin garin kada ku tambaya. Famfon da aka rubuta na sanyi ne, da rana ruwansa sai ya sale miki hannu. Na ce wa mai jego ai ku a nan Allah ya hutar da ku itace. Ganyen darbejiya ne ya gagara, har na hango itacen a bakin titi muna dawowa daga kasuwar kayan miya, na sa aka tsaya na karyo reshe. Surukin nawa sai zufa yake yana waige-waige, wai itatuwan na hukuma ne. Bai iya ce mini kada in yi ba, ni ma ban iya tambayarsa ba. Kun san tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa, in amsa ina kallon bango. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A kasuwar nan na ga abin mamaki. Indiyawa suna sayen 'ya'yan zogale, dogayen nan da muke bar wa awaki, su bar ganyen. Na kwaso ganyen na yi kwaɗo, angon nawa, jikan nan sabon haihuwa, yana barci bai san an yi ba. Sauran abincinsu shinkafa ce da kifi da gurasa, da wani shayi mai kauri da suke sha cikin wannan zafin kamar an yi musu dole.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kai ni wurin Sa'idu. Wanda ya zo ɗaukata abokinsa ne, Garba, direban bas na wani kamfani dabam, Bazazzagi. Ina shiga mota ya ce, "Yaya, ashe Kanawa ma ana ba ku biza?" Na ce tun da aka bai wa bayinmu ai dole iyayen gida su biyo su duba su. Muka yi ta yi har Wakra, wani gari na masunta a bakin teku. Ɗakin su Garba, inda Sa'idu yake raɓe yanzu, maza shida ne, gado kan gado, mace ba ta shiga, don haka a bakin ruwa muka haɗu, wajen da ake ɗaure jiragen kamun kifi.

Da na hango shi ban gane shi ba. Wuya ya yi tsawo, riga tana lilo a jikinsa. Ya durƙusa ya ce, "Yaya," sai hawaye. Na ce tashi Auta, ba kuka na zo yi ba, alhali ni na riga shi.

Ga abin da ya faru. Yana gadin wani fili ne a Wukair, nan kusa da Wakra, inda kamfanin ke ajiye kayan gini. Wata rana da tsakar rana zafi ya kayar da shi a bakin ƙofa. Garba ya biyo da bas ya tarar da shi kwance, ya ɗauke shi zuwa wani ƙaramin asibiti aka ƙara masa ruwa. Daga nan, maimakon ya mai da shi masaukin kamfani, sai ya wuce da shi ɗakinsu, don a cewarsa wa ke barin mara lafiya a hannun baƙi alhali 'yan'uwa na nan? Kwana tara suna jinyarsa, wannan ya dama koko, wancan ya yi tofi. An faɗa wa shugaban masu gadi a waya, da baki kawai, shi kuma daga baya ya ce bai ji ba. A cikin kwanakin nan wayoyin lantarki suka ɓace a filin. Kamfani, wanda shi ne kafil ɗinsa, wato mai riƙe da izinin zamansa da na fitarsa, ya kai ƙara cewa ya gudu daga aiki kuma da hannunsa a kayan. 'Yan sanda suka riƙe shi, surukina ya tsaya masa aka sake shi. Yanzu ba shi da ikon yin aiki, ba shi da ikon fita, sai kotu ta gama.

Na ce ashe jinya ma laifi ce. Garba ya sunkuyar da kai, ranar bai ƙara tsokanata ba.

Surukin nawa ne ya samo labarin wani babban ofishin lauyoyi da ba su da aiki sai rigimar ma'aikata da iyayen gidansu. Ta bakin matarsa ya aiko mini, ya ce suna da rana ɗaya a mako da suke sauraron lebura kyauta. Muka je da safe, ni da Sa'idu da Garba. Gini ne na gilashi, ƙofar gaba tana buɗe kanta ga masu kwat. Mu ta gefe aka nuna mana, wani ɗaki a ƙasa mai kujerun roba, cike da maza kowa da takardunsa a leda.

Muna zaune ina yi wa Garba mitar sanyin ɗakin, sai na ji an ce, "Sannunku da zuwa, mutanen gida." Wani dattijo ne baƙi, dogo, da farar jallabiya da rawani. Malam Usman, tafintan ofishin. Ɗan Sudan ne, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya tashi da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a hanya har ya mutu a can. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, kina ji kamar kakarki ce ta tashi. Ya kira ni Hajja, na ce ban je ba tukuna. Ya ce kakansa ma bai isa ba, kuma har ya mutu Alhaji ake ce masa.

Layi yana da tsawo, shi kuma ya samu mai jin Hausa, sai ya buɗe mini tarihin wurin. Ya ce wanda ya kafa shi ɗan asalin Doha ne, ya yi karatun shari'a a Masar, ya dawo lokacin Doha ba ta wuce a zagaye ta da ƙafa ba. Ɗaki biyu ya kama a saman wani shagon yadi. Shi Malam Usman da ƙuruciyarsa ya zo a matsayin mai buga tafireta. A lokacin leburori ne ke cika matakala, wanda aka kora ba dalili, wanda ƙarfe ya cinye wa yatsa, lauyan ya rubuta musu koke ya bi su har gaban alƙali, kuma yana cin nasara. Da gas ya fito, kamfanoni suka cika gari, sai suka lura cewa mutumin da ya san inda ake kayar da su shi ya fi sanin inda za a toshe. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke shi. Yau hawa huɗu suke da shi a ginin, lauyoyi daga ƙasashe iri-iri, da rassa a maƙwabtan ƙasashe. Su ke rubuta wa kamfanoni takardar ɗaukar aiki, da dokokin masauki, da yadda ake sallamar mutum ba tare da kotu ta ga aibu ba. Kafin tsohon lauyan ya rasu ya sa 'ya'yansa suka yi masa alkawarin ba za a rufe ƙofar lebura ba.

"Ita ce wannan," in ji shi. "Ta gefe ce, amma ƙofa ce."

Har ya ja ni ya nuna mini ta gilashi, can a zauren masu kwat, tsohuwar tafiretarsa an saka ta a akwatin gilashi da fitila a kanta, kamar kayan ɗakin amarya.

Yadda suke aiki, kafin a ji ko kalma ɗaya daga bakinka sai an tambayi sunan kamfaninka an duba a na'ura. In kamfanin nasu ne, sai a ba ka ruwa mai sanyi a raka ka ƙofa, don ba sa shari'a da wanda suke yi wa aiki. A gabana aka yi wa mutum uku haka. Wani ƙaramin mutum mai hular saƙa ya sha ruwan, ya ajiye kofin a hankali, ya yi godiya ya fita. Har yau ina ganin bayansa. Da aka zo kanmu aka duba. Kamfanin Sa'idu ba ya ciki.

Lauyar mace ce, Bamisriya mai tabarau, ba ta kai yarinyata shekaru ba. Ba ta tambayi ko Sa'idu yana salla ba, ba ta tambayi ɗan wane ne ba. Takarda kawai take nema. Garba ya tuna da katin asibitin nan, yana cikin aljihun bas tun ranar, ya ruga ya ɗauko, duk ya yi maiƙo. Ta duba kwanan wata da sa'ar da ke jiki, na ga fuskarta ta saki. Ta ce wannan ya nuna ciwo ne ya ɗauke shi daga bakin ƙofa, ba gudu ba, kuma ba wanda ya gan shi da kaya. Akwai hanya, sai dai a jira ranar kotu. Sannan ta ɗaga yatsu uku, Malam Usman yana fassarawa: kada ku je kamfanin, kada ku sa hannu a komai, kada ku ba kowa haƙuri.

Na ce, "Malam, yanzu sai mu tsaya gaban alƙali da mutum, ko gaishe shi ba mu je mun yi ba?"

Ya ce, "Hajja, na san abin da ke ranki, ni ma da shi aka haife ni. Amma a nan haƙuri shaida ne. Wanda ya ce a yafe masa, ya ce ya yi."

Na ji shi sarai. Kada wata ta ce ban ji ba.

Aka shiga jira. Mako ɗaya, biyu, huɗu. Mai jego ta yi arba'in, bizata ta kusa ƙarewa, ranar kotu ba labari. Duk Juma'a in aka kira gida aka kara wa Iya waya a kunne, tambayarta ɗaya ce, ko na je. In ce ana shiri. Ta ce wane irin shiri ake yi wa durƙuso? Kwalbar zuma tana cikin akwatina, duk sanda na ɗauko zane sai mun haɗa ido. Na riƙa tunani, a Ɗanbatta wace rigima ce ba ta mutu ba in babba ya taka ya je? Rigimar gona, ta aure, har wadda aka zub da jini. Su ma Musulmi ne, suna da iyaye. Garba kuma ya ce ya ji manajan kamfanin mutumin kirki ne, ba ya wuce jam'i. Na ce a raina ai gaisuwa kawai za mu je, ba za mu taɓa biro ba.

Wanda ya kamata in yi shawara da shi yana gida ɗaya da ni, yana jin Larabci yana karantawa. Amma ta yaya zan zaunar da suruki in ce ga abin da nake ƙullawa? In na faɗa wa matarsa kuma za ta faɗa masa, ya hana ta bakinta, in ji nauyin ƙetarewa. Sai na ce za ni kasuwa, Garba ya ɗauke ni, muka ɗauki Sa'idu, sai ofishin kamfanin.

Manajan Balarabe ne, ba ɗan ƙasar ba, mai furfura a gemu. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. Na durƙusa, Sa'idu ya durƙusa a bayana, mutumin ya rikice yana cewa Mama, Mama, ya jawo mini kujera da hannunsa. Aka kawo shayi. Na faɗi saƙon Iya kamar yadda ta ba ni, Garba yana juyawa da Larabcinsa na direbobi. Na ce yaro ne, ya yi kuskure, mu muka haife shi mun san halinsa, a dubi tsohuwa makauniya a yafe. Na miƙa zuma. Ya buɗe, ya sa cokalin shayi ya ɗanɗana, ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa bai sha irinta ba. Wallahi na ga ruwa a idonsa, kuma har yau ban ce na ƙarya ne ba.

Sai ya ce shi ma ɗan aiki ne, mai kamfani ke yafewa, kuma mai kamfani ba ya jin magana sai a rubuce. A rubuta cewa mun zo ban haƙuri, shi zai kai da kansa. Ya danna waya, kafin shayi ya huce an kawo takarda a buge. Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ta fito da wuri haka ba. Garba ya kalle ta, ya gane sunan Sa'idu da kalmar afuwa, sauran ya wuce shi. Sa'idu yana iya haɗa baƙin Larabci tun na allo, amma ma'ana sai Allah. Ya riƙe biro ya juyo ya dube ni.

Yatsu ukun nan sun zo mini a ido. Amma mutum ya tashi tsaye dominki, ya kira ki uwa, ya sha zumar mahaifiyarki, sannan ki ce ba ki yarda da takardarsa ba? Na gyaɗa kai. Ni na gyaɗa kai. Auta ya sa hannu, Garba ya sa a ƙasa a matsayin shaida, aka ba mu kwafi, aka raka mu har mota.

Ranar lebura ta zagayo na tafi da takardar nan a cikin mayafi ina murna, ina cewa yau zan nuna wa masu boko yadda ake kashe wuta. Malam Usman ya karɓa. Layi biyu ya karanta ya cire tabarau, ya ajiye takardar a kife. Sai ya ci gaba da karanta ta da ka, yana juya mini da Hausa, idonsa a kan bango: ni wane, da hankalina, ba tilas, na amsa cewa na bar wurin aikina ba da izini ba, na ɗauki alhakin duk abin da ya salwanta a dalilin haka, an fassara mini wannan na fahimta, ina neman afuwa.

Na ce, "Malam, ka taɓa ganinta ne?"

Ya ce, "A kan tafiretar nan da na nuna miki na buga ta farko. Wani kamfani aka tsara wa ita, shekaru da yawa. Yanzu kowane ofishi a garin nan yana da ita a aljihun tebur, suna kawai ake canzawa." Sannan ya ce, "Kalmar afuwar nan ta ƙarshe ni na ce a ƙara. Na ce mutane za su fi sakin jiki."

Lauyar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon katin asibiti da takardar, ɗaya a kowane hannu. Ta ce ba za ta ajiye shari'ar ba, za ta ce bai san abin da ya sa wa hannu ba, amma ga sa hannun abokinsa yana cewa an fassara masa, kuma abokin nan shi ne babban shaidanmu na jinya. Da, in ji ta, su ne za su kawo hujjar ya yi. Yanzu mu ne za mu kawo hujjar bai faɗi abin da ya faɗa ba. Shari'ar za ta iya ɗaukar shekaru, shi kuma zai iya ƙarewa a gidan yari. Na tambaya ko in koma in roƙi manajan ya dawo da ita. Malam Usman bai ma fassara mata ba.

Da labari ya isa gida, surukin nawa ya zo bakin ƙofa ya durƙusa kamar kullum, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya tashi ya wuce. Na ji shi a kicin yana tambayar matarsa a hankali me ya sa ba a nuna masa ba, minti ɗaya ya isa.

Ana jibi zan taso muka sake haɗuwa da Sa'idu a bakin ruwan Wakra da la'asar. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, kalmar ta ƙi fita, na tsane ta. Shi ya riga ni. Ya ce ko da ban gyaɗa kai ba, shi sai ya sa hannu, wanda na san ba gaskiya ba ne. Ya ba ni wani bargo mai laushi ya ce na Iya ne.

"Ki ce mata na yi ƙiba, Yaya," in ji shi. "Ki ce har tumbi na ajiye."

Garba ya kai ni filin jirgi. Duk hanya ba Kano ba Zazzau.

Dawowa ba abin da ya same ni. Na hau matakalar Alƙahira da takalmina biyu, ba wanda ya riƙe ni. Na iso Ɗanbatta da hantsi, na wuce ɗakin Iya ko mayafi ban cire ba. Ta shafa fuskata, ta shafa bargon, ta tambayi jariri. Sannan ta ce, "Kin je?"

Na ce na je.

"Kin durƙusa? Ya karɓi zumar?"

Na ce ya karɓa, har ya sha a gabana.

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To shi ke nan. Wanda ya sha zumarka ba ya riƙe maka ɗa. Yana hanya."

Wata bakwai ke nan. An ɗaga shari'ar sau biyu. Sa'idu yana nan a gadon sama a ɗakin su Garba, ba aiki ba fita. Iya ta sa an share ɗakinsa an yi sabon daɓe, bargon kuma ta hana a shimfiɗa, wai sai ya zo su zauna a kai tare. Cin abincinta ya ƙaru, tana barci, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce masa Asabe ta je ta gyara komai. Ban ce a karanta mata wannan ba, kuma kada wadda ta yi.

Kullum ni ke kai mata kunu da safe, kullum da maganar a bakina nake shiga, da ita nake fitowa. To ku da kuka dame ni da tambaya, yanzu ni ma ga tawa: in ke ce, za ki faɗa mata cewa haƙurin da ta aike ki da shi ne ya rufe masa ƙofa, ko za ki bar ta ta ci gaba da sauraron mota?